Lambun da Bekzod Bai Mallaka Ba

Ruwan sama ne ya koro Bekzod cikin shagon kayan noma a kasuwar Margilan. Mohira, 'yar mai shagon, ta ɗago ta ce, "Me ake so, aka?", wato yaya a yarensu. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Injin kaftu mai batir. Na lambuna."

"Fangali nawa? Laka ce ko yashi?"

"Ashirin... laka."

Alhali a hawa na huɗu na wani bene yake zaune da mahaifiyarsa, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba.

Wata biyu yana zarya, wai yana zaɓe. Yau ya tambayi daɗewar caji, gobe faɗin haƙora. Kullum ya fito sai ya ji kamar ya nutse don kunya.

Wata rana ta rubuto masa a waya: "Manomina, wannan ƙaramin ba zai iya laka ba. Ɗauki mai batir biyu. Ranar Asabar ni da Baba za mu kawo maka, mu gwada a lambunka."

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya amsa: "Zuciyata, ba ni da lambu. Ke nake zuwa gani."

Kwana biyar ba ta tanka ba. Ga Sardor, mai tarakta, dama yana ta aiko dattawa neman aurenta.

Bekzod ya wanke ƙafa ya je gun mahaifinta, Ergash, ya durƙusa, ya faɗa masa gaskiya, ya nemi aurenta.

"Maƙaryaci kake so in ba 'yata?"

"Na yi ƙarya, amaki," in ji Bekzod, wato baffa. "Na zo da kaina ne don kada ka ji a bakin wani."

Tsohon ya jawo injuna uku zuwa lambun bayan gidansa. "Zaɓi. Ka kafce min wannan."

Bekzod ya ɗauki mai batir biyu. Injin ya yi tsalle, ya watsa masa laka har baki, maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya. Bai saki ba sai da ya gama fangali shida.

Mohira ta miƙo masa shayi, idonta a ƙasa. "Tun ranar farko na sani. Tafin hannunka ya fi nawa laushi. Ni ma kunyar faɗa nake, kada ka daina zuwa."

Da kaka aka ɗaura aure, aka dafa shinkafar biki ga unguwa duka. Ergash ya ɗaga hannu ya ce: "Allah Ya sa ku tsufa tare, 'ya'yana."