Zagaye Ɗaya Ne Fa

"Wallahi Abba, wata tara likita ya ce a yi kafin ya yi rawa!" Lujain ta dire tiren gahawa gaban mahaifinta. "Wata huɗu ke nan da yi wa Muhannad aiki. Jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke, aka yanko wata daga cinyarsa aka dasa. Ba ta gama kamawa ba!"

Abu Suhaib ko kallonta bai yi ba. "Shekara talatin ina jan layin rawar dabka a ƙauyen nan. Ango ya zauna kan kujera ran aurensa kamar tsohuwa? Dangi su ce gurgu na ba 'yata?"

"To a ɗaga bikin mana."

"An riga an sayi tumakin dafa mansaf, abincin biki. Tashi ki ba ni wuri!"

Haka mutumin nan yake, in ya kafe ya kafe.

Ta kira Muhannad tana kuka. Ma'aikacin kashe gobara ne, kuma ba za a mayar da shi bakin aiki ba sai likita ya tabbatar gwiwar ta daina gocewa.

"Don Allah kar ka shiga rawar nan. In ta sake tsinkewa aikinka ya tafi."

"Haba Lujain, zagaye ɗaya ne fa! Shekara shida ina zaryar gidanku, sai yanzu zan bari Baba ya raina ni?"

Ranar biki ya kwance abin da ke tallafe gwiwar, don kar a gan shi ta cikin wando. Ganga ta ɗauka, aka miƙa masa carbin jagora, ya shiga gaban layi yana wulwula shi sama. Zagayen farko lafiya lau. A na biyu Abu Suhaib ya ɗaga murya cikin murna, "Sauka ƙasa, ango! Sauka!"

Muhannad ya yi tsalle ya dira a durƙushe. Bai tashi ba.

Innalillahi! Da farar rigar amarci Lujain ta shiga motar asibiti.

"Dashen ya tsinke, guringuntsin ma ya yage," in ji likita. "Za mu sake aiki. Zai yi tafiya, amma hawa tsani ɗauke da mutum, wannan kam ya wuce."

Shekara ɗaya da rabi Lujain tana riƙe da ƙafar nan, tana lanƙwasawa tana miƙewa, ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Haƙurinta bai tafi a banza ba, mijinta ya ajiye sanda, kuma bai haɗa ta da kowa ba. Amma aikinsa na kashe gobara an ba wani.

Abu Suhaib bai ƙara shiga rawa ba. Duk Alhamis shi ke kai surukinsa gashin ƙashi. Rannan a hanya ya ce, "Ɗana, ka yafe mini."

"Na yafe, Baba."

Sai ga motar kashe gobara da jiniya. Muhannad ya juyar da fuska wajen taga, ya bi ta da ido har ta ɓace.

Iyaye, ku ji tsoron Allah, kar ku sadaukar da lafiyar 'ya'yanku don gudun bakin mutane. Dangin nan sun ci mansaf sun watse, ko mutum ɗaya bai leƙo asibiti ba.