Abin Da Ya Rage a Ƙasan Tanki

Ku matso nan, a kashe wayar nan. Kai Sabitu, da kullum kake cika baki wai in ka girma babbar jif za ka tuƙa, buɗe kunnenka, labarin nan naka ne. Kuma kada wanda ya ce mini sai dare ake gamo. Wannan da rana tsaka ya faru, lokacin da ko kare ba ya barin inuwa.

Akwai wani direba, Nomau, mutumin Tudun Gawo, can arewa inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. A Kano yake tuƙa wani attajiri, yana kwana a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidan. Ba mata, ba aboki. In ya sayo abincinsa a leda, cikin mota yake ci, rediyo na taya shi hira. Shekara bakwai rabonsa da gida, kuma ba faɗa aka yi ba. Ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar iyayenmu na da. Innarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi. In ya je gaishe ta sai ta kau da kai ta ce a kawo wa wancan ruwa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne a wurinta. Kullum sai bayan salla, sai bayan kaka.

Wata safiya ƙanwarsa Talatu ta bugo waya. Ta ce Inna ta daina karɓar ko kunu, tun jiya idonta na kan ƙofa. Ta ce in zai zo, to yau ne.

Maigidansa mutumin kirki ne, ya miƙa masa makullin sabuwar jif da ko wata biyu ba ta yi a gidan ba. Ƙatuwa ce, baƙa wuluk, sai ka taka ƙarfe kafin ka hau. Wanda ya kawo ta ya ce tankinta na cin lita ɗari da talatin, Nomau kuwa ya riƙe wannan a ka. Ya dai lura ko fitilar mai ta kunna kafin ya je cikawa, ba ta taɓa shan fiye da ɗari da goma ba. Bai taɓa tambayar kansa ina sauran ashirin ɗin suke ba.

Ya kama hanya shi kaɗai. Allurar mai ta daɗe a kan cike kamar an ɗaure ta, har ya wuce gari uku ba ta motsa ba. Da ya iso gidan mai na ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, tana kan rabi daidai. Layin motoci kuwa har ya sha kwana. Ya dubi layi, ya dubi agogo. Ya ce a ransa rabin ɗari da talatin ai sittin da biyar ne, ya isa har da ragi. Ya wuce.

Abin da bai sani ba, rabin allura ba rabin tanki ba ne. Irin wannan motar, a sama allurarta ke nawa, a ƙasa take gudu. Ga rairayi, ga tayoyi huɗu duk suna ja, ga sanyin mota a kunne. Kafin ya ankara ta sauko kwata. Ya sake kallo, fitila ta kunna. Yana cikin hawan wani tudun rairayi motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu.

Ya fito. Shiru. Ba tsuntsu, ba iska, ba sawun kowa. Waya ba sabis. Ya dafa motar ya jijjiga ta da ƙarfinsa, sai ya ji mai na motsi a ciki, cakal, cakal. Man na nan, amma ya gangara can ƙurya inda motar ba ta iya janyo shi. Saura kilomita arba'in.

Ya zauna a ɗan siririn inuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa. Ba tsoro ya ji ba tukuna. Kaɗaici ne ya danne shi, don ya gane ko nan ya mutu sai an kwana biyu kafin wani ya tambaya. Ƙaton mutum, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

Da ya ɗago, ga tsoho tsaye a gabansa.

Dogo ne siriri, da koɗaɗɗiyar riga, da gora rataye a kafaɗa. Nomau ya yi masa sallama. Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. Sai bayan nan muryar ta iso, kamar daga cikin rijiya. Nomau ya sunkuyar da kai, nan ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Rana na tsakiyar ka, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, amma ta tsohon doguwa ce irin ta la'asar. Kuma rairayin da ya haɗiye takalmin Nomau har idon sawu, ƙafar tsohon ko lotsa shi ba ta yi ba.

Ya fara karanta duk addu'ar da ya sani a zuci. Tsohon bai gusa ba, ya tsaya yana jira ya gama.

"Baba, akwai inda ake sayar da mai nan kusa?"

Baki ya motsa. Shiru. Sannan murya.

"Akwai mai a cikinta, ɗan fari. Ba naka ba ne dai. Na ƙasa, wanda ba ya janyuwa, namu ne."

Tsohon ya ce Innar Nomau ta san wannan. Shekara arba'in ba ta taɓa kankare tukunyarta ƙaf ta kwana ba, kullum sai ta bar ɗan ƙanzo don masu wucewa da ba a gani. Ya ce saboda ita ya zo, ba saboda shi ba.

Ya nuna murfin tanki da haɓa. Nomau ya buɗe. Tsohon ya karkata gorar, wani abu ya zubo siriri kamar zare. Ba warin fetur. Ƙamshin da ya tashi na ɗakin Inna ne, hayaƙin kara da man shanu. Bai fi cikin kofin shayi ba, ya toshe gorar.

Nomau ya shiga ya murɗa makulli. Ta tashi. Allura ta ɗago kaɗan, kamar faɗin yatsa sama da ja.

"Wannan ba mai ba ne," in ji muryar, a jikin gilashi. "Abin da ya rage wa tsohuwar ne a duniya. Ita ta ce a kawo maka. In ka taka da ƙarfi, da wuri zai ƙare. In ka kashe, shi ke nan."

Da ya duba madubi, tudun ne kawai, da sawun tayarsa.

To ku faɗa mini, yaya mutum zai yi? Zuciya na cewa taka, ƙafa na tsoron takawa. Ya kashe sanyin mota, ya kashe rediyo. Ya ɗora ƙafarsa a kan totur a hankali kamar mai taka ƙwai. Gumi na zuba, ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura. Duk ramin da ya faɗa sai allurar ta girgiza. Can ya ji bakinsa na yi mata magana. Ya ce Inna ki yi haƙuri. Ya ce ba ƙin zuwa ya yi ba, gani yake akwai sauran lokaci. Ya gaya mata yadda yake cin abinci shi kaɗai, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Allura ta taɓa ja. Ta kwanta. Ta ma wuce layin ƙarshe ta jingina da ɗan ƙarfen da ke tare ta. Saura kilomita goma, ko bishiyar gawon garinsu bai hango ba. Ya yi salati, ya ce shi ke nan, ta tafi.

Amma injin bai mutu ba.

Yana ta yin ƙasa-ƙasa, kamar numfashin mai barci. Sai lokacin ashirin ɗin nan da bai taɓa tambaya ba suka faɗo masa a rai. Ashe allura kan ce babu, alhali da saura. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai ƙara kallon ta ba.

Ya tarar da maza zaune a ƙofar gida jugum. Ya diro ya bar motar a kunne, ya roƙe su don Allah kada wanda ya taɓa makullin nan. Talatu ta tare shi a tsakar gida. Ta ce tun azahar sau uku suna cewa ta cika, har an ɗauko mayafi, sai su ga ƙirjinta ya ɗan ɗaga.

Ya durƙusa a bakin gadon. Ta zama 'yar ƙarama, kamar ba ita ke ɗauko itace a ka daga daji ba. Ta buɗe ido. Ba ta kau da kai ba, ta dube shi sosai.

"Nomau."

Shekararsa arba'in da ɗaya, ranar ya fara jin sunansa a bakinta.

"Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Ta ce ƙarya yake, a zubo masa. Ta kama yatsunsa biyu ta riƙe, Talatu ta kawo tuwo, ya ci da hannu ɗaya tana kallonsa, hawaye na ɗiga cikin miya. Ya kai loma ta bakwai sai ya ji motar a waje ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi shiru. Hannun Inna ya saki yatsunsa.

Bayan kwana uku aka kira makaniki da jarkar mai. Kafin ya zuba ya kwance tankin ya leƙa. A bushe yake ƙayau, ko danshi babu, har ƙuryar nan da Nomau ya ji tana cakal-cakal. Makanikin ya rantse motar nan ba ta yi tafiyar kilomita ɗaya a haka ba. Nomau bai yi masa gardama ba.

Har yau yana tuƙi. Allura ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi a hannunsa, komai tsawon layi, kuma in ya ci abinci sai ya bar loma a kwano. Ku kuma, in hanya ta kai ku inda kwalta ta ƙare, kada ku shiga rairayin nan ku kaɗai da rana tsaka. Shi uwarsa ce ta aika masa, kuma sau ɗaya ake yin irin wannan aiken. Sabitu, tashi ka je ka yi wa Innarka sai da safe, tun da sauran fitila a ɗakinta.