Ranar Da Baba Ya Manta Da Auta

"Ɓarayi! Wa ya buɗe musu ƙofa?"

Farantin shayi ya suɓuce daga hannun Auta. Baba na tsaye a tsakiyar falo da tsohon almakashinsa na ɗinki, yana nuna iyayen Injiniya da suka zo neman aurenta.

"Baba, ni ce fa... Autarka!"

"Ban san ki ba!"

Mahaifiyar Injiniya ta gyara mayafi ta miƙe.

"To, yau mun ga abin da ake ɓoye mana."

A asibiti likita ya sa Baba ya zana agogo, lambobin duk suka taru gefe guda. Mutumin da ke yanka riga ba tare da awo ba! Da hoton ƙwaƙwalwa ya fito, likita ya tara 'ya'yan.

"Ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Ciwon mantuwa ne. Magani zai sassauta, amma ba zai warkar ba. Wa zai zauna da shi?"

Yaya babba ya sunkuya kan wayarsa. Yayarta mace ta ce mijinta ba zai yarda ba. Auta ce ta ajiye aikinta na kantin magani.

Injiniya bai guje ta ba. Kullum ya tashi aiki nan yake zuwa, ya yi wa Baba aski, ya tsaya ƙiƙam Baba na auna masa rigar da ba za a taɓa ɗinkawa ba.

"Rabin raina, wannan ne awona na ɗari. Angon bana zai sha kaya!"

Sai ta yi dariya har da hawaye.

Amma 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ba ta zauna ba. Ta bi dangi tana cewa ciwon a jini yake, Auta ma tana hanya. Mahaifiyarsa ta rantse in ya auri Auta ba ta yafe masa ba.

Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari ya zo idonsa jawur.

"Ki biyo ni, Auta. Umma za ta huce. Mu samo mai kula da Baba."

"Ka manta na gwada? Yini ɗaya kawai... a tashar mota aka tsinto shi ba takalmi, yana neman Innarmu da ta daɗe a kabari."

"To mu tafi da shi!"

"Ɗakinsa kaɗai ya rage masa a duniya. In na fitar da shi, na ƙarasa shi."

"Ni fa? Ni ba ki tausayina?"

"Masoyi, kai ko na bar ka za ka tuna hanyar gida..."

Ya durƙusa ya riƙe hannun Baba, ya daɗe, sannan ya fita bai waiwayo ba.

Shekara ba ta zagayo ba ta ji an ɗaura masa aure da 'yar uwar tasa. Tana ba Baba abinci a baki labarin ya iso ta, sai hawaye suka zubo mata.

Baba ya tsura mata ido.

"Yarinya, wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Baba."

Ya sa bakin rigarsa ya share mata fuska.

"Kullum ke ce a nan, ba ki gajiya. Wanda ya aure ki ya dace. 'Yar gidan wa ce ke?"

Ta haɗiye kukan.

"'Yar wani tela ce."

"Allah sarki... ya iya tarbiyya. Ki gaishe min da shi."

"Zai ji, Baba. Buɗe bakinka."