Huɗuba Daga Mashigin Suez

"Wata uku fa ka ce, Munzali? Wata uku!"

Mijina bai ɗago ba, sai ninke rigunansa yake yana cusawa a jaka. Ni kuwa ina zaune a bakin gado da tsohon cikina, ƙafafu sun kumbura suntum, ko ƙarfin yin faɗan kirki ba ni da shi.

"Kausar, kafil ne, maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya ce a tafi. In na ƙi, aiki ya ƙare, zamanmu a Doha ma ya ƙare."

Jirgin ruwan shaƙatawa yake wa aiki, irin mai dogon ƙarfe a tsakiya da faffaɗan ƙyalle wanda iska ke turawa. Shi ke jan igiyoyi, shi ke wanke-wanke. Maigidan nasa ne marmarin yawo ya taso masa: za su bi gaɓar teku a hankali, su ratsa mashigin Suez, sai Turai.

"Saboda kai na ƙi tafiya goyon ciki," na ce. "Cikin fari, Umma ta ce in dawo Zariya in haihu a gabanta, na ce ba zan bar mijina shi kaɗai ba. Har yau sallamata kawai take amsawa. Ashe kai ne za ka bar ni!"

"Zuciyata..."

"Kar ka kira ni. Ko ka kira ba zan ɗaga ba."

Ya tafi. Na cika maganata kuwa, don taurin kai dai Allah ya hore mini. Duk garin da suka yada zango sai ya turo saƙon murya, iska na kaɗawa a bayansa: yau sun ga duwatsun Oman, yau amai ya wahalar da shi, yau ya yi mafarkina. Ina saurara sau biyar, in share hawaye, in ƙi ba da amsa. Na gaji da fushin, na gaji da hawa benen gidanmu na unguwar Bin Mahmud, na gaji da kaina ma.

Wata safiya naƙuda ta zo. Maƙwabciyata Mufeeda ce ta kai ni asibiti. Kafin azahar aka miƙo mini 'yar jaririya jajir, mai hancin ubanta sak.

Na dube ta, kuka ya ƙwace mini. Babu Umma, babu miji, babu namijin da zai yi mata huɗuba a kunne.

Wayata ta ɗauki ƙara.

"Shi ne," in ji Mufeeda. "Na tura masa saƙo. Wallahi in ba ki ɗaga ba ni zan ɗaga."

Na ɗaga.

"Kausar! Muna cikin mashigin, ƙasa dama da hagu, shi ya sa waya ta kama. An naɗe ƙyallen, inji ke jan mu. Da mun fita teku za ta ɗauke. Kina lafiya? Tana lafiya?"

Duk baƙaƙen maganganun da na tanada masa suka gudu. "Lafiya lau," kawai na iya cewa.

"Kara mata wayar a kunnen dama."

Na kara. Ya fara kiran salla, ƙugin wani ƙaton jirgi na neman danne muryarsa. Yarinyar da ke ta tsala ihu ta yi tsit. Na juya wayar zuwa hagu, ya yi iƙama.

"Wane suna ka sa mata?"

"Rahmatu."

Sunan Umma. Sunan da ban taɓa iya faɗa da bakina ba.

"Ni na raba ku," ya ce. "Ki kira ta, ki ce takwararta ta iso. Ki yafe mi..."

Layin ya yanke.

Na jima rungume da wayar. Sannan na nemo lambar Umma. Bugu ɗaya ta ɗaga, kamar dama wayar na hannunta.

"Kausar? Kin sauka?"

"Na sauka, Umma. Ga ki nan a hannuna, kina ta kuka."