'Yan Shuɗin Gyale

"Ko ni ko ƙungiyar, Nabiha. Ki zaɓa."

Usaid yana jingine da motarsa a ƙofar gidanmu, ko kallon ruwan da na kawo masa bai yi ba. An riga an kawo lefe, bikinmu saura ƙiris.

Ya miƙo min wayarsa. Ni ce a hoto ina fitowa daga wani otal na nan Nassarawa, da shuɗin gyalen ƙungiyarmu a kafaɗa.

"Muhibba ce ta tura wa Mami," in ji shi, yana nufin mahaifiyarsa.

Muhibba 'yar ƙanin babansa ce, ta daɗe tana mutuwar sonsa.

"Me kika je yi a otal?"

"Masoyina... ka yarda da ni."

"Amsa nake so."

Amsar tana bakina, amma ba tawa ba ce.

Tun ina jami'a na shiga Ƙungiyar Zumunci, ta 'yan mata zalla. A gari cewa ake ba mu da aiki sai anko da hotuna da bin masu kuɗi. Ba wanda ya ga lokacin da Abbana ya kwanta a asibiti, 'yan ƙungiya suka riƙa karɓar Umma jinya har na gama jarrabawa.

Wadda ke ɗakin otal ɗin kuwa Anti Afrah ce, yayar Usaid ciki ɗaya, tsohuwar 'yar ƙungiya. Mijinta ya dake ta har cikinta ya zube. Ta san in ta je gida Mami za ta ce ta yi haƙuri ta koma, kamar kullum. Sai ta kira Raliya, shugabarmu. Muka kai ta asibiti, muka ɓoye ta. Mijin kuwa, don tsoron tonon asiri, ya ce wa danginta ta tafi kwas Abuja.

"Ki rantse ba za ki faɗa wa Usaid ba, ƙanwata," ta ce min. "Zuciya gare shi, zai iya kisan kai."

Na rantse.

"Ba zan iya faɗa ba yanzu," na ce da Usaid. "Ka ba ni lokaci."

"To ki fita daga ƙungiyar."

"Ba zan iya ba. Sun yi min abin da dangi ke yi."

Ya yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ashe gaskiyar Mami ce. Duk 'yan bariki ne ku."

Ya ja motarsa.

Ba a rufa mako ba gwaggonninsa suka zo suka kwashe akwatuna. Abba ya kira ni falonsa.

"Uwata, kin yi abin kunya?"

"A'a, Abba."

"Shi ke nan. Allah ya isar miki."

Na daina cin abinci. Raliya ta tare a ɗakina, tana ba ni kunu a baki kamar yarinya.

"Bari in gaya wa Anti Afrah, ta wanke ki," ta ce.

"Ko tafiya ba ta iya yi sosai. Ƙyale ta ta warke."

Sai da wata lauya a cikinmu ta tsaya mata aka raba ta da mijinta, sannan Anti Afrah ta ji abin da ya same ni. Ta tafi gidansu, ta buɗe tabon da ke bayanta a gaban Mami, ta faɗi komai.

Da la'asar Usaid ya zo. Ya rame.

"Nabiha... zuciyata... ki yafe min."

"Na yafe."

"To gobe su Kawu za su dawo da maganar aurenmu."

Na girgiza kai. Wallahi a lokacin ba abin da nake so a duniya kamar in ce to.

"Ka san ni, Usaid. Ka san gidanmu. Hoto ɗaya aka nuna maka, ka kira ni sunan da har yau nake ji a kunnena. Ranar da aka kawo maka wani fa, ina ɗakinka da 'ya'yanka?"

"Ba zan ƙara ba."

"Na so in yarda. Na gwada... na kasa."

Ya daɗe a tsaye hawaye na bin gemunsa. Ni na fara juyawa, don kar ya ga nawa.

Da aka koma makaranta, Mami da kanta ta kawo autarta Hafsatu wajen taronmu. Ta kasa haɗa ido da ni.

"Ga ƙanwarku," ta ce a hankali. "Ku riƙe min ita yadda kuka riƙe yayarta."

Yarinyar ta yi min murmushi, irin na Usaid sak. Na shiga banɗaki na wanke fuskata, na fito na matsa mata wuri kusa da ni.