Dutsen da Ba a Haɗa Shi da Ɗan'uwansa

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta tana duƙe a kan injin goge dutse, hannunta duk ruwa. Dogo ne, har sai da ya sunkuya a bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya ce an gaya masa dutsen ado mai suna zirkon yana sa barci, mahaifiyarsa kuwa tun rasuwar babansu barci ya ƙaurace mata.

"Haka magabata suka ce," in ji Auta. "Wai yana korar mugun mafarki, yana kwantar da zuciya. Ni dai goge shi nake yi, ban taɓa ganin ya yi aikin likita ba. Ka kai Mama asibiti, sannan ka saya mata zobe don ta ji daɗi."

Ya yi murmushi. "Ke kuwa haka kike korar masu saye?"

"Wanda aka gaya wa gaskiya ai yana dawowa."

Ya dawo kuwa, har abin ya wuce misali. A shagon tabarau yake aiki, can ƙarshen layi, amma kullum sai hanyarsa ta biyo ta ƙofarsu, ko da inda ya nufa yana bayansa. Auta ta nuna masa ɗanyen zirkon, launin ƙasa kamar tsakuwar hanya, ta ce sai Baba, mahaifinta mai shagon, ya gasa shi a wuta yake komawa shuɗi. Ta ce yana cikin duwatsun da suka fi tsufa a duniya. Dogo yana ta gyaɗa kai, amma ba dutsen yake kallo ba.

Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta: "Tauraruwata, yau na ba wani tsoho tabarau ɗin matarsa. Laifinki ne."

Ta amsa: "Dogona, Allah ya ba tsoho haƙuri. Ka ci abinci dai."

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce sam. Ya ce ga dillalin da yake kawo musu ɗanyen dutse, ɗan sana'a ne, shi ya fi dacewa. Auta ko kallo dillalin bai ishe ta ba, Baba ma ya san haka. Ita kuma ta san inda gizo yake saƙa. Idon Baba ya yi yana, ba ya bambanta shuɗi da toka. Ita take duba dutsen in an sauke daga wuta, ta raɗa masa yadda launin ya fito, shi kuma ya faɗa wa masu saye kamar shi ya gani. In ta auri dillali, tana nan cikin shago. In ta bi Dogo, asirin Baba ya tonu, sunan da ya gina tun ƙuruciya ya zube. Tana son Dogo, tana tausayin mahaifinta, abin yana cin ta a rai.

Shi kuwa Dogo, wai zai burge suruki, sai ya sayo akwati mai ƙyalle a ciki. Ya tarar Baba ya fita, Auta ta bar masa tsaron shago ta je sayo gawayi. Ya ga gogaggun duwatsu kowanne a naɗe cikin tsohuwar takarda, abin ya ba shi tausayi. Ya kwance su tsaf, ya zuba a akwatin, har da girgizawa don su zauna daidai.

Bai san zirkon ba. Yana da nauyi, yana da sheƙi, amma gefensa ba ya jure gogayya, shi ya sa ba a haɗa shi da ɗan'uwansa.

Tare Baba da Auta suka shigo. Kallo ɗaya ta yi, ta ga gefen duwatsun duk ya ɓantare. Baba ya karɓi akwatin, ya kai shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Madalla," ya ce. "Sun yi kyau."

Sai da ya shafa da yatsa ya ji ɓarnar. Baba ya gane abin da ya faɗa, ya kuma gane a gaban wa ya faɗe shi.

"Fita," ya ce wa Dogo.

Da yamma Auta ta tura masa: "Kada ka sake zuwa."

Ya amsa: "Na yi ɓarna, na ɗauki laifina. Amma Tauraruwa, yana ce a idon Baba, kuma ana cire ta. Tun yaushe kike ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta kifa kai a kan injin ta yi kuka mai isarta.

Washegari Dogo ya zo, ya durƙusa. "Baba, ba neman aure na zo ba. Haƙuri na zo bayarwa, in kuma ka yarda in raka ka asibiti. Ko ka ba ni Auta ko ka hana ni, idonka naka ne."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

Baba ya ja lokaci yana taurin kai irin na tsofaffi, daga baya ya je aka yi masa aikin ido. Ranar da aka kwance masa bandeji, fuskar Auta ya fara gani. Ya dube ta, ya sake dubawa.

"Ashe haka kika rame?" ya ce a hankali. "Tsorona ne ya sa na riƙe ki, na fake da sana'a. Ki yafe mini. Kira mini yaron nan."

Ranar ɗaurin aure, da za a tafi da ita, Baba ya kama hannunta ya sa a na Dogo.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. Dogo, ga amana. Ta daɗe tana ɗauke da kayan da ba nata ba, kada ka ƙara mata."

Auta ta shiga mota tana share hawaye. Baba kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, bai ɗauke ido daga kanta ba har motar ta sha kwana.