Hirar Haliru da Benus

A kullen korona na shekarar 2020, Haliru ke gadin wani gida a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, inda aka ajiye gunkin Benus, allahiyar soyayya ta Romawa, sassaƙar Italiya ta ƙarni na sha shida. Kaɗaici ya sa yake zama gabanta yana ba ta labarin gida, shi da ya haddace Alƙur'ani. Da kunya ta ishe shi, ya tuba, ya lulluɓe ta da bargo.

Daren nan ya ji taku a bayansa, kamar ana dire turmi a daɓe. Ko a'uziyya ya kasa furtawa.

"Malam Haliru," in ji Benus, da muryarsa shi kansa, "ba ka ƙarasa mini labarin mahaifiyarka ba."